Shaida a Kan Baba Helma da Igiyarsa

Ranar da aka yi jana'izar Baba, sahun baya duk leburori ne da birkiloli, wasu ko ƙurar siminti ba su gama kakkaɓewa daga ƙafafunsu ba. Kowa ya faɗi abin da ya sani: mutum ne mai salla a kan lokaci, ba ya cin haƙƙin lebura, ba ya kwana da kuɗin wani a aljihunsa. Duk gaskiya ne. Shaidar da ba a samu damar bayarwa a maƙabarta ba ita ce ta aikinsa, kuma ita nake son rubutawa, domin akwai magidanta da yawa a Kano da ke tafiya da ƙafafunsu yau albarkacin taurin kan dattijon nan a bakin rami.

Ci-rani ne ya kawo shi birni yana saurayi, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya fara da ɗaukar kwanon kankare a ka yana hawa gangaren katako zuwa saman bene, daga nan ya koma kwaɓa siminti, ya koyi jera bulo, ya zama birkila, daga baya ya zama helma mai kula da ma'aikata. Bai yi boko ba, amma yana karanta awo a tef, kuma idan ya dubi zane sau ɗaya ya riƙe shi. A bayan babur ɗinsa kullum akwai wani buhu ɗaure. A cikinsa akwai igiya mai kaurin babban yatsa, tsawon mita 30, da ɗamarar jiki irin wadda ke zagaye kafaɗu da cinyoyi, mai zoben ƙarfe a tsakiyar baya. Dalilin buhun nan shi ne labarin rayuwarsa.

Lokacin da ya fara samun abin hannu, ya aika ƙauye aka turo masa ƙanensa don ya koyi sana'a. Wata rana aka kira su wani gida da sokawe ta cika, bangonta kuma ya tsage, ana so a yashe a gyara. Suka zuƙe ruwan da injin fetur, ya rage laka baƙa da ta kai gwiwa. Wani yaro lebura ya sauka ta tsani da shebur da bokiti. Ya ɗebo bokiti biyu aka ja. A na uku aka ji shiru. Ƙanen Baba ya leƙa ya ga yaron kife a cikin laka, bai tsaya yin magana da kowa ba ya bi tsanin. Bai kai matakalar ƙarshe ba hannunsa ya saki. Baba ya yunƙura zai bi, maza uku suka danne shi a ƙasa yana ihu yana kiran sunan ƙanensa. Kafin 'yan kwana-kwana su iso rai ya yi halinsa, duka biyun.

A unguwa aka ce aljanun rami ne. Wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Baba bai taɓa musun ƙaddara ba, amma ya kasa daina tambayar me ke cikin ramin nan da ke kayar da ƙato cikin numfashi biyu. Amsar ta zo masa bayan shekaru, lokacin da ya yi aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, inda ba a barin kowa ya shiga tanki sai an sa hannu a takardar izini. Injiniyan wurin ya zaunar da shi ya yi masa bayani, shi kuma ya ɗauki bayanin ya mayar da shi Hausar da lebura zai gane, ya yi ta maimaitawa har ƙarshen ransa. Ga abin da ya koyar: haɗura huɗu ne ke cikin iskar rami.

Iskar da muke shaƙa a sarari, kusan kashi 21 cikin 100 nata ne iskar da jini ke buƙata, wato oksijin. Idan ta sauka ƙasa da kashi 19.5 wurin bai halatta a shiga ba. A cikin rijiya, sokawe, tankin ruwa ko kwalbati rufaffe, ruɓewar ƙazanta da tsatsar ƙarfe suna cinye ta a hankali, kuma ido ba ya ganin bambanci. Wannan na ɗaya ke nan. Na biyu ita ce iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fita daga ruɓaɓɓiyar laka. Ta fi iskar sarari nauyi, don haka tana kwanciya a ƙasan rami. Mugun halinta shi ne, idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka warin ya tafi alhali a lokacin ne ta fi ƙarfi. Idan ta kai wani mizani, numfashi ɗaya ko biyu ya isa mutum ya faɗi sumamme. Kuma tana ɓoye a cikin lakar. Wannan ne ya sa yaron nan ya ɗebi bokiti biyu lafiya: sai da shebur ya tone lakar sosai sannan ta taso. Na uku hayaƙin injin fetur ko janareto, wanda gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi. Masu haƙa rijiya da ke saukar da injin ban ruwa cikin rijiyar su tayar da shi a can, su ma tana kashe su. Na huɗu iskar da ke kama wuta, wadda ke taruwa a saman masai da sokawe, ashana ɗaya ta isa ta tashi da murfin kankare.

Tsofaffin mahaƙa rijiya suna zura fitila a igiya, in ta mutu sun san ba a shiga. Baba yana girmama wannan dabarar, amma ya hana ta a sokawe da masai saboda fashewa, kuma yakan ce ko a rijiya shaidarta rabi ce. Harshen wuta yana ci gaba da ci a iskar da ta riga ta yi wa mutum kaɗan, kuma ba ya nuna guba. Abin da ke ba da cikakkiyar shaida shi ne na'urar gwajin iska, 'yar ƙarama kamar wayar hannu, mai auna abubuwa huɗun nan a lokaci ɗaya. Ana zura ta a igiya a tsaya a sama, a tsakiya, da ƙasa, domin kowace iska da inda take zama. Bayan an gwada, wanda zai shiga ya rataya ta a ƙirjinsa, ta yi ƙara ya fito nan take ba tare da ya tsaya ɗaukar shebur ba. Baba bai mallaki na'urar ba sai can baya, amma yakan tilasta ɗan kwangila ya yi hayarta, in ya ƙi Baba ya ɗauki buhunsa ya hau babur. Ya rasa ayyuka da dama ta haka.

Tsarinsa a bakin rami ba ya canzawa. Da farko yakan tambaya ko dole ne ma a shiga. Idan motar zuƙe masai za ta iya, ko dogon bututu da sanda daga sama, to ba mai sauka. Idan dole ne, a buɗe dukkan murafe, a kawo fanka mai hura iska da bututun leda ko na yadi da zai kai har kusa da ƙasan ramin, a bar ta tana hurawa kafin a shiga da kuma duk tsawon aikin. Janareton da ke ba fankar wuta a ajiye shi nesa, ta inda iska ke ɗauke hayaƙinsa, don kada fanka ta zuƙo hayaƙin ta tura wa na ciki. Ba a hura oksijin na tukunyar walda a rami, domin yana sa tufafi su kama wuta kamar an jiƙa su da fetur. Ba a zuba kananzir a masai don kashe wari kamar yadda wasu ke yi, ƙarin makamashi ne kawai. Takunkumin ƙura, ko ƙyalle da ake ɗaurawa a hanci, ba ya tare ko ɗaya daga cikin iskokin nan.

Sannan igiya. Ba a ɗaura ta a ƙugu. Mutum sumamme da aka ɗaure a ƙugu yana lanƙwashewa biyu, ya maƙale a bakin murfi, ko igiyar ta zame zuwa ƙirji ta hana shi numfashi. Ana saka ɗamarar jiki, a maƙala igiya a zoben baya, don in an ja ya fito a miƙe. Kuma mutum mai kilo 70 da ya saki jiki, mutum ɗaya ba ya iya jawo shi da hannu daga mita huɗu. Don haka Baba yakan kafa ƙafafu uku na ƙarfe a kan bakin ramin da kura, wato 'yar taya mai juyawa, a tsakiya, igiya ta bi ta kurar, a ajiye mutum biyu ko uku a kusa. Ɗaya daga cikinsu mai gadi ne: ba ya jan bokiti, ba ya amsa waya, ba a aikensa sayen ruwa. Aikinsa ya dubi na ciki ya riƙa yi masa magana. Baba yakan kama kafaɗar mai gadin ya ce, “Ɗana, ko ubanka ne ya faɗi a ciki, ba za ka shiga ba. Ja za ka yi, ka yi ihu, a kira lambar gaggawa, 112.” Sabon yaro yakan ji maganar ta yi tsauri. Amma hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare, masu shiga ceto ne. Baba bai san alƙaluman ba. Ya san ƙanensa. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintuna kaɗan idan numfashi ya tsaya, shi ya sa dole kayan ja su kasance a kafe tun kafin mutum ya sauka. Neman igiya bayan an faɗi ya makara.

Ramin fandisho da na bututu su ma bai raina su ba. Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana kai tan ɗaya da rabi ko fiye. Ba sai ta rufe kai ba, in ta kai ƙirji ta hana huhu buɗewa. Duk ramin da ya wuce mita 1.2, wato ya kai ƙirjin mutum, ko dai a kwantar da gefensa ya zama gangare, ko a tokare shi da katako a tsaye da ƙarafa ko sanduna a gicciye. Ƙasar da aka haƙo kada a tara ta a baki, a matsar da ita kamar mita ɗaya, kuma tifa ko injin kwaɓa kankare kada su matso, domin nauyi da girgiza su ne ke tsinka gefe. Bayan an yi ruwan sama ba mai sauka sai Baba ya zagaya ya duba tsagewa a saman baki da ruwa mai tsatsafowa a gindi. Jar ƙasa mai tauri takan yaudari mutane, ta tsaya kamar bango kwana uku, a na huɗu ta zube gaba ɗaya. Wuri mafi haɗari shi ne tsohon kududdufi ko bola da aka cike aka mayar fili, kuma Kano cike take da irinsu. Idan ƙasa ta rufta da mutum, da hannu da shebur ake tono a hankali bayan an tokare gefen da ya rage. Ba a sa diga, ba a sa katafila.

Inda ya fi faɗa da masu gini shi ne dakin, wato rufin kankare da ake zubawa a kan gini. Lissafinsa mai sauƙi ne: kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kan kowace mita ɗaya murabba'i. Ɗaki mai mita 4 da 4 yana ɗauke da kusan tan 6 a kan gorar da aka tokare, ban da nauyin mutane da baro. Don haka kafin a zuba, yakan shiga ƙarƙashi ya girgiza kowace gora da hannunsa. Wadda ta tsage ko ƙwari suka ci a cire. Kowace ta zauna a kan faffaɗan katako, ba a kan bulo ba, domin bulo yana farfashewa, ba kuma a kan ƙasa mai laushi ba, domin ruwan da ke ɗiga daga kankare yana jiƙa ta gorar ta nutse. A ɗaure su da juna a gicciye don kada su kauce gefe. Lokacin zubawa ba mai zama a ƙarƙashi, kuma ba a jibge kankare tsibi a wuri ɗaya, ana bazawa. Bayan an gama a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Ƙarfin kankare a kwana 28 ake ƙirga shi, kuma Baba ba ya yarda a cire gora kafin kwana 21, ko da kafinta yana son katakonsa don wani aiki. Haka nan ba ya yarda a loda bulo a tsakiyar sabon dakin, tunda kowane bulo mai inci 9 ya haura kilo 20, ɗari biyu sun wuce tan 4. Ranar da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, Baba ya riga ya tsufa yana zaune a ƙofar gida da rediyo. Abin da ya dame shi shi ne yawancin waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzan masu neman na abinci ne irin yaransa, waɗanda ba su da ta cewa a kan yawan rodi ko siminti.

A aikin sama dokokinsa kaɗan ne. Tsani: duk mita 4 na tsawo, gindinsa ya nisanci bango da mita 1, kansa ya zarce inda za a sauka da mita 1, a ɗaure shi a sama. Gadon da ake tsayawa a kai don filasta ko jera bulo, katakonsa ya cika ba rata, a ɗaure bakinsa kada ya ɗaga, a sa makari a wajen tsawon ƙugu, kamar mita ɗaya, da wani a tsakiya, da katako a gindi don kada bulo ko guduma ta gangaro kan na ƙasa. Ganga da aka ɗora wa bulo aka ɗora wa katako ba gado ba ne. Hular kwano kuwa yakan ce ta na ƙasa ce fiye da na sama. Rodi tsawonsa mita 12 ne, kuma unguwanni da yawa babban layin wuta yana wucewa dab da bene. Wutar layi mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 ba ta jiran a taɓa ta, tana tsallakowa idan ƙarfe ya matso. Don haka mutum biyu ke ɗaukar rodi a kwance, ba a miƙe shi tsaye, a bar tazarar aƙalla mita 3, in ba za ta samu ba a nemi a kashe layin. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi sai an tabbatar an yanke ta.

Ƙananan abubuwa ma ba su wuce shi ba. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata a hankali, ba zafi da farko, sai dare ƙafa ta kwaile, don haka masu taka kankare sai da takalmin roba da safar hannu, in ya shiga takalmi a cire a wanke da ruwa mai yawa nan take. Mai yankan bulo ko tayil ya riƙa zuba ruwa a kan faifan, domin farar ƙurar nan tana zama a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa. Injin yankan ƙarfe ba a cire masa murfi don a saka faifan da ya fi shi girma. Faifan yana tarwatsewa, kuma fuska ce a gabansa.

Akwai doka, ko da yake yawancin leburori ba su taɓa jin sunanta ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da kai rahoton haɗura ga jami'an sa ido na ma'aikatar ƙwadago. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato NSITF, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo, ko da yarjejeniyar ta baki ce. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya. Matsalar ita ce lebura na yini ba shi da wata shaida cewa ya taɓa aiki a wurin. Saboda haka Baba ya riƙe littafi. Kowace safiya wani yaro mai karatu yakan rubuta masa sunan duk wanda ya zo, da garinsu, da lambar wani nasa. Littafin nan ne ya tsaya wa wani kafinta da ya faɗo daga bene na biyu ya karye a ƙugu, lokacin da mai aikin ya ce bai san shi ba.

Masu cewa ya cika tsoro sun yi yawa. Wani birkila ya taɓa ce masa, “Haba Baba, in kwana ya ƙare ai ko da igiya sai an tafi.” Baba ya ce, “Gaskiya ne, malam. Amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Ni kuma ni zan je in gaya wa uwarka.” Shi ne ya kai gawar ƙanensa ƙauye, ya tsaya a gaban mahaifiyarsu, kuma bai taɓa ba kowa labarin abin da ta ce masa ba.

Da ƙarfinsa ya ragu ya daina hawa bene, amma duk wanda zai buɗe sokawe a unguwar yakan aiko a tambaye shi. Igiyar ya canza ta sau da yawa, domin yana bin ta da yatsu taku bayan taku kafin kowane aiki, inda ya ji ta yi laushi, ko zare ya tashi, ko siminti ya bushe a cikinta, ya yanke ta gunduwa-gunduwa don kada wani ya tsinta ya yi aiki da ita. Ɗamarar ma haka, yana duba ɗinki da zoben, ba ya ajiye ta a rana ko kusa da batir da man inji. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa ya kira babban yaronsa a sana'a, wanda yanzu shi ne helma, ya sa aka ɗauko buhun daga ƙarƙashin gado. Ya zazzage shi a kan tabarma, ya sa yaron ya saka ɗamarar a gabansa, ya miƙa hannu ya ja maɗaurin cinya ya ce ya yi sako-sako, yatsu biyu kawai ya kamata su shiga. Yaron ya ƙara matsewa. Baba ya sake gwadawa, ya gyaɗa kai, ya ce a mayar da komai cikin buhu a ɗaura a bayan babur. Allah ya jiƙansa da rahama, ya jiƙan ƙanensa da yaron da suka tafi tare.